Kawu Ilu da Rigar da Ta Jira Makaɗi

Ku da kuka zauna Alƙahira a zamaninmu, na san ba ku manta abin da mutum ke tararwa ba in ya hau benen Kawu Ilu a unguwar Faisal ranar Juma'a bayan an sauko masallaci. Tun daga matakala kake jin jita tana kuka. Ka tura ƙofa ka same shi zaune a kan buzu, ido a rufe, kai babu hula, sanƙon nan yana ƙyalli. Hular tana can bisa lasifika, a kan 'yan'uwanta. In baƙo ne kai, ka miƙa hannu za ka ɗauko masa, sai ya buɗe ido ɗaya ya ce, "Bar ta. Ba tawa ba ce yanzu."

Ƙa'idarsa ke nan. Makaɗi ya taɓa maka zuciya, sai ka yi masa kyauta, ko yana gabanka ko yana cikin faifai a bayan teku. Wanda ya ji kiɗa ya tashi bai ba da komai ba, Kawu yana kiransa ɓarawon kunne. Yawancinku an kira ku da sunan nan. Ni kuwa kusan shi ne sunana na biyu.

Ga waɗanda suka manta da ni, ni ne Habu direba. Kawu Ilu ƙanin mahaifiyata ne. Shi ya ɗauko ni daga gida a ƙarshen shekarun saba'in, ina da takardar firamare da lasin tuƙi, ya samo mini aiki a ofishin jakadancinmu da ke unguwar Zamalek inda yake buga tafireta. A gidansa na zauna har na yi aure. Karatuna bai yi nisa ba, halina ma a lokacin bai fi karatun nisa ba, za ku gani.

Abin da ke ɗaure wa mutane kai shi ne, mutumin da ke ɗora wa akwatin katako hulunansa, shi ne kuma mai tsaga tsinken ashana biyu da reza. Takalminsa an yi ta yi masa ƙasa da tayar mota har mai gyaran ya roƙe shi ya bar takalmin ya huta. Ganyen shayi kuwa Inna Hajara, matarsa, ba ta isa ta zubar ba, sai an shanya a taga ya sake zagayowa. Wata rana wani ɗalibin ilimi daga unguwar Abbasiya, Malam Nasiru, ya kawo gaisuwa aka zuba masa. Ya ɗaga kofin ya duba a hasken taga, ya sansana, ya kurɓa, sannan ya ce a fahimtarsa wannan ruwa ana iya alwala da shi, tunda launinsa bai jirkita ba, ɗanɗanonsa bai jirkita ba, ƙamshinsa ma haka. Kawu ko a jikinsa. Ya ce to alhamdu lillahi, shayi ɗaya amfani biyu.

Amma faifai, ko a hannun wa ya ji labarinsa, ma'aikatan jirgin ruwa ne ko 'ya'yan jakadun da za su koma ƙasarsu, sai ya bi sawu ya samo. Kiɗan da yake ji shi ne na baƙaƙen Amurka da Turawan da suka koya a wurinsu, wanda suke kira buluz, da ƙaninsa mai hayaniya da ake gauraya shi da rok. Kawu kukan tsirkiya yake ce masa. Gwanaye suna da yawa a kwalayensa, amma uku ne ke takara. Sunayensu na yanka suna jikin kwali. Ni ban iya faɗinsu daidai ba, shi kuma bai taɓa kiransu da su ba. Ya raɗa musu nasa: Dattijo, Akawu da Gobara.

Dattijo baƙin mutum ne ɗan yankin gonakin auduga. Kawu ya ce wannan ba ya ɓarnar magana. Zai yi baiti ɗaya da baki, ya yi shiru, jitar ta yi masa amshi. Amshin ma ba mai yawa ba, tsirkiya ɗaya zai taɓa, ya girgiza ta kamar mai rarrashin jariri, ya sake ta, ya bar ka da ita. A wurin shirun nan, in ji Kawu, mai sauraro ke ajiye nasa baƙin cikin.

Akawu Baturen Ingila ne. Bai taɓa durƙusawa gaban malami ba, daga faifan su Dattijo ya yi karatu. Kawu yakan ce, "Ni akawu ne, na san hannun akawu. Layi a miƙe, babu gogewa, babu ɗigon tawada. Ko kuka zai yi sai ya fara ciro hankici." Amma yana ganin girmansa a kan abu ɗaya: wai in an yaba masa yakan ce ba nasa ba ne, na manya ne. Ɗan da ya san gaisuwa, in ji Kawu, ko ba naka ba ne ka sa masa albarka.

Gobara kuma baƙi ne shi ma, matashi. Ya ɗauki karatun Dattijo ya jona shi da wutar lantarki. Jitarsa takan yi kukan kura, ta yi ruri irin na jirgi, ta yi shewa, ta faɗi ƙasa ta tashi. In aka sa faifansa Inna Hajara takan rufe ƙofar kicin. Kawu ya ce wannan ba shi ke kaɗa jita ba, jita ce ke hawansa, duk wanda ya taɓa ganin masu garaya a gidan bori ya san irin wannan hannu.

Daga nan sai ya gyara zama ya jawo salsala. Gobara da Akawu sun sha a wurin Dattijo. Dattijo ya sha a wurin tsofaffin gona. Tsofaffin gona kuma jikokin wa ne? Mutanen da aka kwashe daga ɓangarenmu, aka raba su da komai, amma ba a iya cire musu molo daga kunne ba. Sai ya buga ƙirji ya ce, "Kayanmu ne, Habu. Ya tafi a ɗaure, ya dawo da wayar lantarki." Ban san ko masu bincike sun yarda da shi duka ba. Amma in yana faɗa, har ni da ban damu da kiɗan ba sai in ji wuyana ya ƙara tsawo.

To, takarar me suke yi? A nan maganar take.

A ƙasan akwatin Kawu akwai wata babbar riga ta tsamiya, mai aska takwas, ɗinkin hannu irin wanda aka daina. Ta kakana ce, mahaifinsa, wanda bafatake ne mai safarar fata. Ya sa an ɗinka ta ne domin wani mai molo na garinmu da ake kira Na-Tunga, wanda ke yi wa fatake take in za su kama hanya. Kafin ɗinki ya ƙare Na-Tunga ya bi ayarin masu tafiya Makka a ƙasa, ta Sudan, bai dawo ba, ba a kuma sake jin ɗuriyarsa ba. Kakana bai taɓa sa rigar ba. Da ajalinsa ya matso ya miƙa wa Kawu ita ya ce ba tasu ba ce, ta makaɗi ce, ya nemo wanda hannunsa ya kai ya ba shi. Shi ya sa Kawu ke zaman Juma'a. Huluna na ƙananan yabo ne. Rigar tana jiran gwani.

Ni kuwa tun ranar da Inna Hajara ta fito da ita shan iska na ɗora mata ido. Lokacin na fara neman Rakiya, 'yar Alhaji Bashir, Bahaushen Sudan mai shagon turare da lalle a Abbasiya. Mutum ne mai kwarjini, 'yan'uwansa duk masu farar jallabiya da rawani. Ni kuma kullum a kakin direba yake ganina. Na ƙudurta a raina cewa ranar ɗaurin aure sai ya gan ni a cikin rigar nan, ya san ba daga sama na faɗo ba. Na yi ta kewaye-kewaye har Kawu ya gaji ya ce in ranar aurena ta zo ba a sami mai ita ba, in sa ta. Ya ƙara da cewa aro ne. Na ce tamam, na yarda. A zuciyata kuwa na san aron da ya shiga hoton aure da wuya ya koma akwati.

Daga ranar na zama almajirin kukan tsirkiya, Allah ya yafe mini, ba don Allah ba. Aikina ɗaya ne: kada takara ta ƙare. In na ga Kawu ya karkata ga Dattijo, sai in ce ai Dattijo rowa ce ke damunsa, mutum ya riƙe tsirkiya shida yana taɓa ɗaya, dubi Gobara yadda yake ba kowa haƙƙinsa. In ya koma ga Gobara har ya fara jinjina kai, sai in ce wannan ai hauka ne da lasin, kiɗan da ba ka iya bi da baki, ina ma laifin Akawu mai tsabta. In Akawu ya samu shiga, wannan ya fi sauƙi, sai in tambaya ko kakana zai so rigarsa ta ƙare a jikin mai kwaikwayo alhali malaminsa na raye. Don in iya musun dole na riƙa sauraro da gaske. Har na kai in aka sa faifai daga wani ɗaki, kafin a yi nisa zan faɗa maka hannun wane ne. Kawu ya riƙa nuna ni ga baƙi yana cewa yaron nan kunnensa ya buɗe. Kunya ta kan kama ni, amma ba ta taɓa kai yadda zan daina ba.

Hulunan kuwa sai taruwa suke. Ƙube, zanna, damanga, har da wata jar dara da ya saya a nan. Wata safiyar Lahadi, wadda a nan ranar aiki ce, muka tashi za mu ofis aka nemi hular da zai sa aka rasa, duk sun zama na makaɗa. Inna Hajara ta lallaɓa ta zaro ɗaya daga ƙasan tulin ta miƙa masa kamar daga wanki ta fito. Ya juya ta ya dube ta ya ce wannan ai ta Akawu ce, ta damina waccan, kyauta kuma ba ta komawa gida. Ƙaramin tawul ya naɗa a kai, muka shiga mikrobas, ƙaramar motar haya. Wani Bamisire ya tashi ya ba shi wuri yana ce masa ya maulana. Kawu ya zauna abinsa, har da sa masa albarka.

Ranar da na fara tsorata ita ce ranar da ya ce ajiye kyauta a kan lasifika bai isa ba, ya kamata ta kai hannun mai ita. Ya zaɓi zanna mafi kyau ta Dattijo, ya naɗe a takardar siminti, muka tafi gidan waya. Ma'aikacin ya nemi adireshi, Kawu ya miƙa masa kwalin faifan ya nuna ƙananan rubutun da ke baya. Mutumin ya dube shi, ya dube ni, ya ce ma'alish, wato ba komai, ya buga hatimi. A hanya Kawu ya gaya mini gwaji ne. In hula ta isa lafiya, riga za ta bi.

Na yi watanni ina addu'ar da ban isa in faɗe ta a nan ba. Sai ga ƙunshin ya dawo, ya sha hatimai, kusurwa ɗaya a yage, ba a ko buɗe shi ba. Na ce shi ke nan, an wulaƙanta kyauta, Dattijo ya fita takara. Kawu ya daɗe yana jujjuya ƙunshin, sai na ga murmushi.

"Ka gani ko? Ɗan asali ne. Ba ya karɓa a karon farko."

Maimakon ya faɗi sai darajarsa ta ƙaru. Kawu ya fara tambayar inda ake samun kwali mai ƙarfi.

Nan na tuna da Malam Nasiru, mai fatawar shayi. Na hau mota har Abbasiya na same shi, na sa fuskar tausayi, na ce dattijo na shirin aika rigar gado ga mai kiɗa a ƙasar da ba a salla, ya zo ya yi masa nasiha. Malam mutumin kirki ne, da zuciya ɗaya ya zo. Ya yi bayani mai kyau, ya kawo maganganun malamai, waɗanda suka tsananta da waɗanda suka sassauta. Kawu ya saurara har ƙarshe bai katse shi ba, don yana girmama ilimi, kuma kowa ya san ko a tsakiyar Gobara aka kira salla yakan ɗage allurar faifan. Da Malam ya gama sai Kawu ya ce ya ji, amma alƙali ba ya yanke hukunci bai ga mai laifi ba. Ya ɗora faifan Dattijo.

Malam ya sunkuyar da kai yana jan carbi, fuska a ɗaure. Dattijo ya yi baitinsa, jita ta amsa, ya girgiza tsirkiyar nan ya sake ta. Ni ina kallon fuskar Malam. Ashe Kawu ƙafarsa yake kallo. Da faifan ya ƙare ya ce, "Malam, kai ka yi fatawa, amma babban ɗan yatsanka na ƙafa ya saɓa maka."

Malam ya ja ƙafar cikin jallabiya ya ce a'uzu billahi. Kawu ya ce ba komai, shi dai a gidansa ba a satar kunne, ko da yatsa aka yi ta. Malam ya laluba aljihu bai sami komai ba sai asuwaki sabo. Ya tashi ya ɗora a kan hulunan, ya ce don a zauna lafiya ne kawai, kada a ɗauka ya janye maganarsa. Asuwakin nan ya yi shekaru a wurin. A matakala Malam ya dube ni ya ce yana zargin ba tsoron Allah ne ya kai ni Abbasiya ba. 

Abin da ya cece ni bai zo daga wayona ba. Kun san wutar Faisal a lokacin zafi. Wata Juma'a Kawu ya riga ya samo kwalin, ya sa Gobara don ya yi masa sauraron sallama kafin ya yanke wa Dattijo. Ana tsakiyar ruri aka ɗauke wuta. Muryar jitar ta yi ƙasa, ta yi kauri kamar sa a mayanka, ta mutu. Muka zauna shiru, sai hayaniyar mikrobas daga titi. Sai na ji bakina yana magana. Na ce Na-Tunga a dawa yake yi wa fatake kiɗa, babu waya babu fitila. Waɗannan kuwa duka ukun, in aka zare musu waya, sun zama faranti. Makaɗin da ɗauke wuta ke rufe wa baki, yaya za a ce hannunsa ya kai?

Kawu ya ɗage allura daga faifan. Sannan ya ce ko Dattijo a gonar auduga ya fara, ba da waya ba, amma shi bai ji shi a can ba, kuma ba ya shaida a kan abin da bai ji ba. Ya tashi ya mayar da kwalin bayan ƙofa. Ya ce, "Ka yi gaskiya, Habu. Sai wanda na ji shi babu wuta."

Na kwana da farin ciki. Wa zai ji faifai babu wuta?

Aka sa ranar aure. An ɗaura da hantsi a masallaci, walima kuma bayan la'asar a kan rufin benen su Alhaji Bashir. Na sa rigar. Jama'a, in kun tuna, ku faɗi gaskiya, ta yi mini kyau. Tsamiyar tana ɗaukar rana, askar ta sauko har ciki, in na ɗaga hannu sai na naɗe ta a kafaɗa kamar wanda ya saba. Abu ɗaya ne ba wanda ya sani: ba ni da 'yar ciki da ta dace da ita, wadda Kawu ya ba ni kuma ta yi mini kaɗan. Rigar kakina ta aiki na sa a ciki, mai aljihu biyu da maɓallan ƙarfe. Wa zai gani? Alhaji Bashir ya kama hannuna ya zaga da ni wurin 'yan'uwansa, suna shafa ɗinkin suna cewa ma sha Allah, irin wannan sai a labarin kakanni.

Dangin amarya sun kawo makaɗansu. Mai jitar wani mutum ne mai furfura a gemu, Jibrin, Bahaushen Sudan, kakanninsa cikin masu tafiya Makka a ƙasa ne da suka yada zango ba su tashi ba. Jitar tsohuwa ce, an ɗaure wuyanta da waya, an jona ta da lasifikar haya. Ya yi ta kiɗan biki irin nasu, mata na guɗa daga ɗaya gefen. Kawu yana kusa da ni da sabuwar hula da Inna Hajara ta saya ta rantsar da shi ba zai bayar da ita ba. Ya karkato ya raɗa mini cewa mutumin nan ya ji su Akawu, dubi tsabtar hannun hagunsa, akwai kuma ɗan Gobara a na dama. Na ce haka ne, hankalina kwance.

Sai aka ɗauke wuta.

Lasifika ta yi tari ta mutu. Mai waƙa ya ajiye abin magana, mai ganga ya tsaya, jama'a suka yi ta ma'alish, ma'alish, wasu suka nufi wajen shayi. Jibrin kuwa bai ajiye jitarsa ba. Ya zare wayar daga jitar, ya sauka daga kujera ya zauna a tabarma, ya kwantar da ita a cinya. Ya fara bugu da babban yatsa da bayan farce, a tsirkiya uku kawai, ya bar sauran.

Wanda ya san jitar lantarki ya san in babu wuta muryarta ba ta fi ta sauro ba. Na kusa da shi suka yi shiru don su ji. Shirun ya bi layi har ya kai wurin mata. Ana jin ƙahon motoci daga ƙasa, ana jin tantabarun maƙwabta, a tsakaninsu kuma wannan siririyar murya tana tafiya kamar jaki da kaya, ba gaggawa. Ya ja tsirkiya ɗaya ya lanƙwasa ta, ya girgiza, ya sake ta, ya yi shiru. Ni da na yi shekaru ina sauraro don mugunta, na san abin da nake ji. Ga Dattijo a ciki, ba shakka. Amma akwai wani abu a ƙarƙashinsa da ya girme shi.

Na waiga. Leɓen Kawu na motsi, yana bin kiɗan da baki, kalmomin da ban taɓa ji ba. Hawaye na bin gemunsa. Ya cire sabuwar hular, ya tashi ya ɗora wa Jibrin a gwiwa, ya dawo ya zauna. Jibrin ya ci gaba. Kawu ya shafa kansa, ya shafa aljihu, babu sauran abin bayarwa. Sai ya juyo ya dube ni. Bai miƙa hannu ba, bai ɗaga murya ba.

"An ɗauke wuta, Habu."

Na yi kamar ban ji ba. Na dubi Alhaji Bashir da 'yan'uwansa masu rawani, na tuna maɓallan ƙarfen da ke ƙirjina. Na san in na yi shiru Kawu ba zai sake magana ba, ba zai kunyata ni a gaban surukai ba, zai mayar da rigar akwati ya mutu da ita. Kuma ni na kafa sharaɗin da bakina.

Na miƙe na tuɓe ta. Tsamiya tana da nauyi, sai da ta maƙale a kunnena. Na tsaya a tsakiyar taron aurena cikin kakin direba, na miƙa wa Kawu, shi kuma ya je ya zura wa Jibrin ita a wuya yana zaune, har ta rufe jitar. Ya yi masa kirari irin na da, wanda rabinsa ban gane ba. Jibrin ya rikice, yana cewa ya hajj, wannan ta fi ƙarfina, yana ƙoƙarin cirewa. Kawu ya waiwayo ya ce mini, "Ka gani? Shi ma ba ya karɓa a karon farko."

Wani yaro ya yi dariya ya ce ango ya zo ɗaukar fasinja. Na so ƙasa ta tsage. Sai Alhaji Bashir ya taso. Ya warware farin mayafin da ke kafaɗarsa ya yafa mini. Ya ce kakansa yakan ba su labarin mutanen gida da ke tuɓe riga a bainar jama'a saboda makaɗi, su suna ɗauka ƙarin gishiri ne irin na tsofaffi. Ya ce da safe ya ba direba 'yarsa, yanzu ya san gidan da ya ba. Inna Hajara ta rangaɗa guɗa daga can, ko da yake daga baya ta ce ta hular take kuka.

Bayan kwana biyu na sami Jibrin na tambaye shi ko a danginsu akwai wani Na-Tunga. Ya ce bai taɓa jin sunan ba. Kiɗan nan tsofaffin unguwarsu ne ke yi a molo, kowa ya tashi ya same shi, shi dai ya mayar da shi kan jita ne, ya ƙara abin da ya tsinta a kaset. Na kai wa Kawu labari ina tsammanin zai ji ba daɗi. Ya ce shi ba jini ya tambaya ba, hannu ya ji. Sannan ya dube ni ta saman tabarau ya ce tun Juma'ar farko ya san abin da ya sa nake musu. Ya ƙyale ni ne don ba a samun abokin gardama a banza, kuma ɓarawon kunne in ya daɗe yana sata wata rana yakan biya gaba ɗaya.

Bai daina zaman Juma'a ba har ƙarshen shekarun tamanin da ciwo ya kwantar da shi. Takara ta ƙare, amma huluna ba su daina hawa lasifika ba. Da ya rasu muka rasa yadda za mu yi da su, don ba nasa ba ne balle a raba gado. Malam Nasiru ne ya ba da mafita, ya ce a yi sadaka da su a madadin masu su. Aka kai Abbasiya aka raba wa ɗalibai. Don haka wasunku da ke manyan malamai yau, kun ja salla da hular Gobara ba ku sani ba. Asuwakin kuwa Malam ya mayar da shi aljihunsa.

Ranar uku Jibrin ya zo ta'aziyya. Bai zo da jita ba. Ya zo cikin rigar, ya zauna a bakin ƙofa kan tabarma, ya yi addu'a ya daɗe bai tashi ba.

Allah ya jiƙan Kawu Ilu, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa da hasken da ba a ɗaukewa. Ya tufatar da shi da abin da ya fi tsamiya, shi da bai taɓa jin daɗin abu ya tashi bai gode ba. Mu kuma da muka rage, Allah ya yafe mana satar da muka yi da kunne. Amin.